Gidan Tarihi na Jos: Asalinsa da Matsayinsa a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke karatu a unguwar Laranto, cikin garin Jos, tafiyar 'yan mintoci ce a mota tsakaninsa da ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen tarihi na Nijeriya. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan taso daga ƙasashe masu nisa domin su gan shi, amma ba kowane malamin Hausa ne ya ɗauke shi a matsayin kayan aikin koyarwa ba. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka kafa gidan, sannan ta nuna abin da manhajar Hausa za ta amfana da shi.

2.0 Haƙar Kuza da Gano Kayayyakin Nok

Tarihin wannan gida ba ya rabuwa da haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tsaunin Filato, aikin ya jawo Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauransu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizare. A shekarar 1914 layin dogo daga Zariya ya iso Jos, garin ya ƙara bunƙasa.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake cikin Jihar Kaduna. Aka ajiye shi a Jos ba tare da an fahimci darajarsa ba. Wajen 1943 aka sake tono wani kan a yankin Jama'a, har wani ma'aikaci ya kafa shi a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Da wannan kai ya zo hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Kambirij, sai ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu. Ya roƙi ma'aikatan kuza su riƙa kawo masa duk abin da suka tono, ya kuma laƙaba wa wannan al'ada sunan Nok.

Binciken Fagg a Taruga cikin shekarun 1960 ya gano matoyar tama, abin da ya tabbatar da cewa mutanen sun san ƙira ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya. Daga 2005 kuma masana na Jami'ar Goethe da ke Firankfot, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin Miladiyya.

3.0 Kafuwar Gidan da Sassansa

An buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952 ƙarƙashin jagorancin Fagg, shekara bakwai bayan na Esie da ke Jihar Kwara ta yanzu. A 1963 aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka a nan, da tallafin UNESCO. Baya ga kayayyakin Nok, akwai sassa uku da suka shafi malamin Hausa kai tsaye.

Na farko shi ne zauren tukwane, wanda Sylvia Leith-Ross ta yi ɗawainiyar tattara kayansa daga sassan ƙasar nan. Na biyu shi ne taskar rubuce-rubucen hannu, mafi yawansu da Larabci, waɗanda Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka wallafa jerin bayaninsu a 1965. Na uku shi ne filin gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara cikin shekarun 1970. A can aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a ƙarni na 19.

4.0 Amfaninsa ga Manhaja

Manhajar Hausa ta tanadi darussa a kan sana'o'in gargajiya kamar gini da ƙira da ginin tukwane. Matsalar ita ce, yaron da ya tashi cikin gidan bulo da rufin kwano yakan haddace kalmomi irin su tubali da azara da makuba da zanko da indararo domin jarrabawa kawai, bai taɓa ganin abin da suke nufi ba. Haka nan randa da tulu da kasko suna neman zama baƙi a gidajen da roba ta mamaye. Kalmar da ba a ga abin da take nuni gare shi ba kuwa, ba ta daɗewa a bakin mai magana. Hausawa sun ce gani ya kori ji: sa'a biyu a ƙarƙashin bakan gizon daurin guga ta fi mako guda na bayani a kan allo.

Wajibi ne kuma malami ya kiyaye amanar ilimi. Kada ya koyar da cewa mutanen Nok Hausawa ne, domin masana ba su jingina su ga wata ƙabila ta yau ba. Abin da ya dace shi ne a nuna su a matsayin gadon ƙasa baki ɗaya. A kuma faɗakar da ɗalibai illar tonon sata, wanda ya sa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka gumakan Nok cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

5.0 Kammalawa

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, ga shi damina a Jos ta fi ta Kano nauyi, saboda haka ba a da tabbacin waɗannan gine-gine za su jira mu har abada. Ana ba masu tsara manhaja shawarar su sanya ziyarar gidan tarihi cikin darasin sana'o'i a ƙaramar sakandare, a umarci kowane ɗalibi ya tattaro kalmomin sana'a guda tare da ma'anarsu, ya tantance su wurin magina da masu ginin tukwane na unguwarsu. Makarantun da ke nesa da Jos suna iya yin haka a Gidan Makama na Kano ko gidan tarihi na Kaduna.