Kayan ado marasa haɗari a akwatin tarantula

Tarantula ƙaton gizo-gizo ne mai gashi da ake kiwo don sha'awa, musamman a Turai da Amurka. Cikinsa laushi gare shi. In ya faɗo kan abu mai tauri yana iya fashewa, shi ke nan an yi asara. Don haka lafiyarsa ake fara dubawa kafin kyau.

Abin da ya dace:
- Ɓawon itace mara nauyi, ya samu maɓoya.
- Garin ɓawon kwakwa a shimfiɗe da kauri.
- Kwanon ruwa mara zurfi. Ban da soso, ƙwayoyin cuta yake tarawa.

Abin da za ku guje wa:
- Dutse mai kaifi ko nauyi. In ya haƙa rami a ƙarƙashi, sai ya rufta masa.
- Itacen sida da fain, mansu yana cutar da shi.
- Ganye ko itace daga gonar da aka yi feshi. Maganin ƙwari kashe shi yake.
- Murfin ragar waya, farcensa na maƙalewa.

Ga masu zaman ƙasa, tazarar shimfiɗa zuwa murfi kar ta wuce faɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi.