Yadda Ake Gane Ƙwayoyin Cuta Masu Riƙe Rini a Ɗakin Gwaje-gwaje

Sau da yawa jama'a, musamman waɗanda suka taso daga karkara, sukan yi ƙorafin cewa an ɗebi mugunya ko jinin majinyacinsu an ce su dawo bayan kwana biyu ko uku, alhali gwajin zazzaɓin cizon sauro ba ya wuce minti 20. Mun tanadi wannan bayani ne domin a san abin da ake yi a cikin waɗannan kwanaki, da kuma abin da ke sa gwajin ya lalace tun kafin ya isa hannun ma'aikaci.

Ƙwayoyin cutar da muke magana a kansu su ne bakteriya. A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a birnin Balin na Jamus, ya fito da hanyar raba su gida biyu ta amfani da rini. Har yau da ita ake fara aiki. Ana shafa abin da aka ɗebo a kan ɗan gilashi, a bar shi ya bushe, a gitta shi a kan wuta domin ya manne. Sai a zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da ruwan aidin, a wanke da barasar asibiti na 'yan daƙiƙoƙi, daga ƙarshe a zuba jan rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san akwai yadin da ke kama baba, akwai kuma wanda ke zuba da wankin farko. Haka abin yake a nan. Ƙwayoyin da ke da bango mai kauri sukan riƙe shunayyar, su ne masu riƙe rinin Gram. Masu siririn bango kuwa sukan sake ta su ɗauki ja. Wurin wankin nan ne gwanintar ma'aikaci take: idan ya daɗe, masu riƙe rini ma sai su koɗe, a ba likita bayanin da ba shi ne ba.

Da madubin likita mai ƙara girman abu sau 1,000 ake duba gilashin. Siffa ita ce shaida ta farko. Idan ƙwayoyin dunƙule-dunƙule ne sun taru curi-curi kamar 'ya'yan inabi, ana zaton dangin Staphylococcus ne. Idan sun jeru kamar carbi, ko suna tafe biyu-biyu, sai hankali ya koma kan dangin Streptococcus. Akwai kuma masu siffar sanda. Wannan mataki ba ya kai sa'a guda, kuma yakan ishi likita ya fara magani kafin sauran sakamako ya fito.

Shuka da jira

Siffa kaɗai ba ta bayyana sunan ƙwaya, don haka dole a shuka ta. Ana shafa samfurin a kan faranti mai ɗauke da abinci mai kama da daskararren kamu, wanda aka gauraya da jinin tunkiya kashi 5 cikin 100, a ajiye a na'urar ɗumi a kan ma'aunin zafi 35 zuwa 37, daidai da zafin jikin mutum, na tsawon sa'a 18 zuwa 24. Ba a iya gaggauta wannan. Shukar jini kuwa takan kai kwana 5 kafin a yanke cewa babu komai a ciki.

Idan ƙwayoyin sun tsiro, sai a ɗiga wa kaɗan daga cikinsu ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke rauni da shi. In ya yi kumfa, Staphylococcus ne. In ya yi shiru, Streptococcus ne ko danginsa Enterococcus. Masu kumfar sai a gauraya su da ruwan jinin zomo. Wanda ya daskarar da shi shi ne Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, ruɓewar rauni, ciwon ƙashi da shigar cuta cikin jini. Waɗanda ba su daskarar ba galibi mazauna fatar kowa ne, kuma ganinsu a shukar jini sau da yawa alama ce ta cewa ba a goge fatar majinyaci da kyau ba kafin a soka allura.

Masu shirun kuwa, farantin ake ɗagawa a duba abin da suka yi wa jinin. Wasu sukan narkar da shi gefensu ya yi fayau, kuma a cikinsu akwai mai kawo ciwon maƙogwaron da, idan aka yi sakaci da shi, yake iya lalata zuciyar yaro bayan shekaru. Wasu sukan mayar da gefen kore-kore. A cikin waɗannan ne ake neman mai haddasa ciwon huhu da wani nau'i na sanƙarau, kuma ana tabbatar da shi da ɗan ƙwayar takarda mai maganin optochin, wanda ba ya iya tsira kusa da shi.

Bayan an san suna, saura sanin magani. Ana sake shuka ƙwayar, a jera 'yan takardu masu magunguna daban-daban a kanta, a ƙara jiran kwana guda. Maganin da ya share fili mai faɗi kewaye da shi shi ne mai aiki. Wannan mataki ya zama wajibi, domin tun 1961 aka gano a Ingila nau'in Staphylococcus aureus da ke bijire wa magungunan dangin fenisilin, kuma yanzu ya bazu duniya.

Masu siffar sanda

Biyu daga cikin waɗannan sun taɓa ƙasarmu kwanan baya. Ƙwayar mashaƙo, wadda ɓarkewarta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ta fi tsanani a Jihar Kano, ana ɗauko ta ne da auduga daga maƙogwaro, a shuka a abinci na musamman inda take tsirowa baƙa. Sai an ƙara wani gwaji mai suna Elek kafin a tabbatar tana fitar da dafi, kuma irin wannan aikin manyan ɗakuna ne kamar na Hukumar NCDC da ke Abuja. Likita ba ya jiran sakamakon kafin ya ba da maganin kashe dafin. Ta biyu ita ce ƙwayar antaraks, ciwon saifa na dabbobi, wadda aka tabbatar a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a yanka ta ba a feɗe ta; ma'aikacin dabbobi ake kira.

Ƙwayar tarin fuka ba ta cikin wannan lissafi, domin rinin Gram ba ya kama ta sosai. Tana da nata gwajin daban.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Babban abin da ke ɓata aikin nan shi ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin a zo asibiti. Ƙwayar takan raunana ta ƙi tsirowa a faranti, sakamako ya fito babu komai, alhali cutar tana nan. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita sunan maganin, ko ya zo da kwalinsa.

Ga shugabannin sashen lafiya na ƙananan hukumomi, a lura cewa samfuri yana da wa'adi. Fitsari ya isa ɗakin gwaji cikin sa'a 2, in ba haka ba a sa shi a sanyi. Ruwan ƙashin baya da za a shuka saboda zargin sanƙarau kuwa ba a sa shi a firji ko kaɗan, domin sanyi yana kashe ƙwayoyin da ake nema. Kowace kwalba ta ɗauki sunan majinyaci, shekarunsa, garinsu da lokacin da aka ɗiba. Duk zargin mashaƙo ko sanƙarau a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba tare da jiran sakamako ba.