Ruwa, Ma'auni da Daftari: Farkon Ranar Aiki a Jazira

Duk wanda ya yi aikin alƙalami a gandun Jazira na ƙasar Sudan, kamar yadda na daɗe ina akawu a wani ofishin taftishi na yankin Kamlin, ya san cewa tun da aka kafa gandun nan mutane iri uku ke tashi aiki a cikinsa kowace safiya, kowanne kuma da abin da ke shaidar zuwansa: manomi ruwa ke tashinsa, mai tsinkar auduga ma'auni ke yi masa shaida, ma'aikacin ofis kuwa daftari.

Asalin al'amarin yana komawa ga shekarar 1925, sa'ad da aka gama madatsar Sinnar a kan Kogin Nilu Shuɗi, Turawan Ingila suka shimfiɗa magudanai a cikin wannan fili da ke tsakanin koguna biyu domin noman auduga. Kakanninmu sun riga madatsar zuwa, waɗansu a ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno bayan waƙi'ar Burmi ta 1903, waɗansu kuwa mahajjata ne masu tafiyar ƙasa da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman abin ƙarasa hanya, tsayawar da ta zama zama. Da aka buɗe gandun, hannuwansu na cikin waɗanda suka ɗauke shi.

A tsarin Turawan, ruwa shi ne agogon farko. An gina ƙananan magudanai ne yadda za su tara ruwa da dare a sake shi da rana, saboda haka da gari ya waye gafir, mai tsaron ƙofofin ruwa, zai buɗe wa abu ishirin, kwatar da ke shayar da nimira guda, wato jerin gonaki mai fadan 90, manomin da layi ya zo kan hawasharsa, wato gonarsa, kuwa, wanda ba ya sake zagayowa sai bayan kamar mako biyu, tilas ya kasance a tsaye da fartanya a hannu tun kafin ruwan ya iso, in ba haka ba ko dai shuka ta kwana da ƙishi ko ruwa ya ɓalle ya yi ɓarna. Mufattishi, jami'in duba gonaki, yana fita zagaye da sassafe, da fari a kan doki daga baya a mota, ba ya kuma bukatar tambayar kowa ko ya zo, domin kunyar da ba ta sha ba ta isa ta faɗa masa.

Masu tsinkar auduga, inda mutanenmu na kambo, wato sansanonin leburori, suka fi yawa, maza da mata har da yara, ba a taɓa rubuta musu sa'ar zuwa ba. Lokacin hunturu sukan shiga gona bayan asuba, su yi ta tsinka har rana ta take, sa'an nan a kai abin da aka tara wurin awo, a rataya a ma'auni, akawu ya rubuta nauyin a gaban sunan mai shi. Malaman fikihu sun raba ijara gida biyu, wadda aka ƙulla a kan lokaci da wadda aka ƙulla a kan aiki, wato abin da muke kira jinga. Ni kuwa, bayan na riƙe littattafan duka biyun, ina ganin na jinga ya fi kusa da adalci, muddin mai riƙe da ma'auni yana tsoron Allah, gama a nan ne kaɗai ladan mutum ke bin guminsa sawu da ƙafa. Aibinsa shi ne wanda zazzaɓi ya kwantar ba shi da kome a ranar.

Ofis kuwa sha'aninsa daban ne, bai kuma sake sosai ba ko da gandun ya koma hannun Hukumar Jazira mai hedkwata a Barakat a 1950. Daftarin halarta yana kan teburin bashkatib, babban akawu, kowa ya shigo ya rubuta sunansa da sa'ar da ya iso ya sa hannu, in an ɗan jinkirta kaɗan bayan lokaci sai a ɗauki rula a ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, a kai littafin ofishin shugaba, wanda duk ya zo daga baya sai ya shiga ya tsaya a gabansa ya faɗi uzurinsa. Kunyar wannan tsayuwa, fiye da yankan albashi, ita ke fitar da mu daga gida da wuri. Amma wajibi ne in faɗi abin da kowane ma'aikacin Sudan ya sani, cewa da hantsi akan ajiye alƙalami a taru a kan kwanon wake don fatur, wato karin kumallo, manomin da ya taso daga nesa a kan jaki yana zaune a gindin bishiya yana jira, daftarin kuwa ba shi da shafin da ake rubuta wannan jira.

A watan Janairu na 2000 gwamnati ta zo da tsarin da ta kira bukur, wato sammako, ta tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, da niyyar mutane su ci moriyar sanyin safiya. Niyyar ba ta da laifi, albarkar sammako ma abu ce da addini ya kwaɗaitar a kanta. Sai dai a cikin hunturu rana ta koma ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai, yara suka riƙa tafiya makaranta cikin duhu, ma'aikacin da ke zaune a ƙauye ya riƙa sallame asuba yana neman mota. Gafir da manomi da mai tsinka ba su canja kome ba, tun da ba agogo suke bi ba, sai ya zama tazarar da ke tsakanin ofis da gona ta ƙaru. A 2008 aka haɗa Asabar da Juma'a a hutun mako, a ranar 1 ga Nuwamba 2017 kuma aka mayar da agogo inda yake.

Daga baya na'urar basma, wadda ake dangwala mata yatsa, ta soma maye gurbin daftari a manyan ofisoshin birane, ta kuma toshe tsohuwar ƙofar sa wa aboki hannu, abin da na yaba ƙwarai, domin shaidar zur ce ko da an sa mata sunan zumunci. Amma na'urar ba ta jin uzuri kamar yadda bashkatib ke ji in aka ce masa damina ta yanke hanya ko an kwana wurin jana'iza, kuma tana bukatar lantarki, wanda a ƙauyukanmu na gefen magudanai bai cika zama ba, shi ya sa ƙananan ofisoshi da yawa suka ci gaba da ajiye littafi da rula a cikin aljihun tebur.