Makon da Masaƙu Ke Yin Shiru: Tarihin Hutun Bakin Teku a Ingila

Duk wanda ya ga yadda magidanci a ƙasar Ingila yake zama da iyalinsa, tun sanyin hunturu bai gama wucewa ba, suna shawarar garin bakin teku da za su tafi hutu idan rana ta buɗe, ana lissafin kuɗin masauki da yawan ɗakuna da abin da zai dace da tsohuwa da jariri baki ɗaya, to lalle zai yi tsammanin al'ada ce da suka tarar tun kaka da kakanni. Alhali kuwa ba ta cika shekara ɗari uku ba, kuma a mafi yawan zamaninta magidancin ba shi da ta cewa a kan inda za a dosa, domin da farko likita ne yake yanke masa, daga baya layin dogo, sa'an nan mai masaƙar da yake yi wa aiki.

Kafin ƙarni na 18 bakin teku wurin masunta ne da 'yan fasa-ƙwauri, babu mai hankalin da zai ɗauki 'ya'yansa ya kai su can da sunan shaƙatawa. Abin da ya fara jawo masu hali shi ne neman magani. Wajen shekarar 1626 aka gano wata maɓuɓɓuga mai ɗanɗanon ƙarfe a gindin dutsen garin Scarborough, a gabar arewa maso gabas, mutane suka riƙa zuwa shan ruwanta, har sannu a hankali suka fara tsoma jikinsu cikin tekun da ke gefenta. Amma wanda ya ba wa lamarin hujja ta ilimi shi ne wani likita mai suna Richard Russell, wanda a 1750 ya wallafa littafi da harshen Latin a kan fa'idar ruwan teku ga cututtukan kaluluwa, inda ya umarci marasa lafiya da su yi wanka da shi, su kuma sha. Ya koma da zama wani ƙauyen masunta a gabar kudu, wanda shi ne Brighton na yau, masu jinya kuwa suka bi shi.

Wankan nan ba abin nishaɗi ba ne ko kaɗan. Mutum zai shiga wani ɗan ɗakin katako mai ƙafafun keke, doki ya ja shi cikin ruwa, ya tuɓe a ciki saboda sutura, sa'an nan wata ƙaƙƙarfar mace ko wani ƙato da ke tsaye cikin ruwan ya cafke shi ya dulmuya shi sau biyu ko uku, galibi da sassafe, ruwan na yanka kamar wuƙa. A cikin masu wannan sana'a wadda ta fi shahara ita ce Martha Gunn ta Brighton, wadda ta rasu a 1815. Da Yarima mai jiran gado ya fara zuwa Brighton a 1783, mahaifinsa Sarki George na Uku kuma ya je Weymouth a 1789, sai abin ya tashi daga jinya ya zama ado, domin inda sarki ya sa ƙafa nan fadawa da attajirai ke tururuwa. Yariman ya gina wa kansa fada a Brighton mai ƙubbobi da hasumiyoyi irin na ginin Indiya, wadda baƙo zai iya ɗauka masallaci ce. Sarauniya Victoria kuwa, da jirgin ƙasa ya iso garin daga Landan a 1841 ya cika shi da jama'a masu leƙen ta, sai ta ƙaurace masa, aka sayar wa hukumar garin da fadar a 1850.

To, amma asalin labarin iyali mai yawa yana arewa ne, a lardin Lancashire, ƙasar masaƙa, wadda Bahaushe ya san ta ko da bai san sunanta ba, tun da a da daga can akoko da alawayyo suke zuwa kasuwar Kurmi, kuma domin ciyar da injinanta ne aka kafa ƙungiyar noman auduga a Manchester a 1902, wadda daga baya ta kakkafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Garuruwan wannan lardi, irin su Oldham da Bolton da Blackburn da Burnley, kowanne yana da wani tsohon biki na shekara-shekara, wanda asalinsa tunawa ne da waliyyin da aka sa wa majami'ar garin sunansa, amma ya rikiɗe ya zama kwanakin shaye-shaye da wasanni da cin kasuwa. Masu masaƙu sun yi iya ƙoƙarinsu su kashe shi, suka kasa, domin idan kwanakin suka zo ma'aikata ba sa fitowa ko da za a kore su. Da suka ga haka sai suka mayar da tilas ta zama maslaha, suka riƙa rufe masaƙun gari gaba ɗaya na mako guda, su yi amfani da damar su gyara tukwanen tururi da injina. Ba a biyan ma'aikaci ko sisin kwabo a wannan mako. Garuruwan kuma suka jera makonninsu bi da bi, daga watan Yuni zuwa Satumba, ta yadda wannan gari zai dawo, wancan ya tashi.

Tun kafin zuwan jirgi, talakawan lardin sukan hau amalanke a watan Agusta su nufi gaɓar yamma, bisa imanin cewa ruwan teku na ɗauke da waraka a lokacin babbar cikarsa. Wurin da suke sauka ɗan ƙauye ne mai suna Blackpool, wanda a 1801 mutanensa ba su kai 500 ba. Reshen layin dogo ya iso shi a 1846, kuma daga nan lissafi ya sauya: a 1881 mazaunansa sun kai kimanin 14,000, a 1901 kimanin 47,000, ban da miliyoyin baƙi. Shugabannin garin sun fahimci wane ne mai kawo musu abinci, ba su kuma ji kunyarsa ba, saɓanin maƙwabtansu na Southport da Lytham waɗanda suka fi son baƙi masu natsuwa da kauri a aljihu. An gina gadar shaƙatawa ta farko da ta kutsa cikin teku a 1863, ta biyu a 1868, inda ake raye-raye a fili. Aka kunna fitilun lantarki a bakin ruwa a 1879. Aka sa taragon lantarki a kan titi a 1885. A 1894 kuma aka buɗe hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 158, wadda aka kwaikwayo daga ta birnin Faris.

Abin tambaya a nan shi ne yadda masaƙi mai 'ya'ya shida ko bakwai, wanda ba a ba shi ladan makon hutu, yake iya ɗaukar gidansa duka ya kai su bakin teku. Amsa ta farko ita ce, a masaƙa ba mai gida kaɗai ke karɓar albashi ba: matarsa tana kan injin, 'yan mata da samarin gidan suna kan injin, don haka gida mai yawan manyan 'ya'ya ya fi ƙaramin gida ƙarfin tafiya, wanda kuwa abu ne da ba kasafai ake samunsa ba a sauran sana'o'in ƙasar. Ta biyu ita ce wani tsari mai kama da adashi, wanda ake yi a masaƙa ko a majami'a ko a mashaya ko a unguwa, kowa yana zuba 'yan kwabbansa mako-mako shekara guda cur. Bambancinsa da namu shi ne ba a kwasa bi da bi, ana raba wa kowa nasa ne a lokaci ɗaya, ana gobe tafiya. Wanda ya ga dama ya kira wannan almubazzaranci, tun da abin da aka tara a mako hamsin ana cinye shi a kwana bakwai, kuma masu wa'azin zamanin sun faɗi haka. Ni dai a ganina mutumin da ya shekara yana shaƙar ƙurar auduga cikin ƙarar da ta sa ma'aikata suka koyi karanta magana a leɓe, ya fi kowa sanin darajar abin da ya saya.

Amsa ta uku tana hannun uwar masauki, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin duka. A wancan zamani, bayan tashoshin jirgi akwai layuka na gidajen jan bulo, kowanne a hannun wata mace, sau da yawa ita ma tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce daga ɗaya daga cikin garuruwan nan. Iyali ba sa biyan kuɗin abinci. Kuɗin gado suke biya, sa'an nan uwargida ta fita da safe ta yi cefanenta, ko ma ta zo da gwangwanaye da naman da ta ɗauko daga gida, ta miƙa wa mai masauki ta dafa. A ɗakin cin abinci kowane iyali yana da rabonsa a cikin kabad, inda yake ajiye burodi da shayi da sukari, mai masauki kuwa sai ta dafa nama iri goma na gida goma a murhu ɗaya, ta kuma tuna wanne ne na wa. Akan ƙara 'yan kuɗi na dabam saboda gishiri da barkono da ruwan tsami da ke kan tebur, abin da ya zama abin barkwanci a ƙasar har bayan al'adar ta shuɗe. Yara huɗu a gado ɗaya ba abin mamaki ba ne. Da an karya kumallo kuma sai kowa ya fita, ko ana ruwa ko ana iska, sai lokacin cin abinci.

Saboda haka idan aka ce iyali sun zaɓi gari, abin da ake nufi galibi shi ne sun rubuta wa uwar masaukin bara wasiƙa cewa suna tafe. Gari kuwa layin dogo ya riga ya zaɓa: mutanen Bradford suna zuwa Morecambe, na Nottingham da Leicester suna zuwa Skegness, talakawan gabashin Landan suna zuwa Southend da Margate, na Glasgow suna bin kogin Clyde a jirgin ruwa zuwa Rothesay. Mutum zai bar garinsu ya tarar da garinsu a bakin teku, maƙwabcinsa na zaune kusa da shi a kan yashi da kwat da hula, surukarsa na gidan da ke kallon nasu, yara kuma na layin hawan jaki, wanda a can abin marmari ne da ake biya domin a ɗana. Wannan ya sa ake samun kamun kai fiye da yadda yawan taron zai sa a zata, domin duk abin da saurayi ya aikata a Blackpool zai riga shi isa gida.

Doka ta biyo baya a makare. A 1871 aka kafa ranakun hutun banki, waɗanda suka ba wa akawu da ɗan kanti yini guda-guda, sai a 1938 majalisa ta yi dokar da ta buɗe hanyar hutun mako guda tare da albashi ga ma'aikata da yawa. Shekara biyu kafin haka Billy Butlin ya buɗe sansaninsa na farko a Skegness, inda kuɗi ɗaya ya haɗa ɗaki da abinci da wasanni da masu kula da yara, kuma babu mai korar kowa waje da safe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garuruwan bakin teku suka yi cikar da ba su taɓa yi ba, kuma a daidai wannan lokacin ne abin da zai karya su ya tsiro: a 1950 wani mai suna Vladimir Raitz ya ɗauki 'yan yawon hutu a jirgin sama zuwa tsibirin Kosika a kan kuɗi ɗaya dunƙule, kuma kafin shekara ashirin ta cika, gaɓar Sifen, inda rana ba ta saɓa alkawari, ta shiga cikin abin da ma'aikaci zai iya biya. Mota ta raba iyali da layin dogo, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar tashar tsakiyar Blackpool mai dandamali 14 aka rufe ta a 1964. Da yawa daga gidajen masaukin nan sun koma ɗakunan haya masu araha, Blackpool kuma yana cikin garuruwa mafiya talauci a Ingila a yau, duk da cewa fitilunsa na kaka suna jawo jama'a har yanzu.

A shekarun ƙarshe na masaƙun, wato daga wajen 1950 zuwa 1970, mutanen Pakistan da Indiya ne suka zo suka riƙe aikin dare a Blackburn da Oldham da Bradford. Jikokinsu suna cikin masu cika bakin ruwan Blackpool a yanzu, musamman a kwanakin da ke bin Sallah, gida guda a mota uku ko huɗu, da kakanni da jarirai da kulolin abinci daga gida, su wuni su koma a daren.