Tarihin Shirin Man Rake na Ƙasar Birazil

Shirin Proálcool shi ne tadbirin da hukumar Birazil ta kafa a watan Nuwamba na 1975 domin rage dogaronta ga man fetur na ƙasashen waje. Asalin al'amarin kuwa, da yaƙin Oktoba na 1973 ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita fitar da shi, har gangar da ake saye wajen dala 3 ta tasam ma dala 12, sai Birazil, wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take ƙonawa sayo shi take yi, ta wayi gari baitulmalinta yana zurarewa.

Shugaba Ernesto Geisel, wanda ya taɓa riƙe kamfanin mai na ƙasa, Petrobras, ya san ciwon daga tushe. Ya kuma tarar da kasuwar sukari ta faɗi, masu gonakin rake suna neman mafita. Saboda haka aka ba su rance mai rangwame su gina matatun da ke mayar da ruwan rake barasar da inji ke ƙonawa, wato itanol, aka wajabta gauraya ta da fetur. Bayan juyin juya halin Iran na 1979, da mai ya sake yin tsada, aka ƙara himma, kamfanin Fiat ya fito da motar da ba ta shan komai sai itanol, kafin tsakiyar shekarun 1980 kuwa galibin sababbin motocin ƙasar irinta ne.

Amma fa nasarar ba ta zo a banza ba, domin masu saran rake na jihar São Paulo da arewa maso gabas, waɗanda ke wuni cikin rana da tokar gonar da aka ƙone kan lada kaɗan, su suka ɗauki nauyin da ba a cika ambata ba, alhali kuwa haƙƙinsu ne a ambace shi.

Da fetur ya yi araha a 1986, sukari kuma ya yi daraja, sai masu matatu suka koma ga sukari; a 1989 itanol ya yi ƙaranci, jama'a suka yanke ƙauna daga motocinsa. Shirin bai farfaɗo sosai ba sai a 2003, sa'ad da Volkswagen ya fito da motar da ke karɓar fetur ko itanol ko gaurayensu, aka bar wa mai mota ya zaɓi wanda ya fi sauƙi a gidan mai.