Tafiya da Sandunan Golf a Jirgin Sama

Sandunan golf, wasan da wasu kafafen yaɗa labarai ke kira ƙwallon lambu, suna cikin rukunin da kamfanonin jiragen sama ke kira kayan wasanni, tare da kekuna da kayan kamun kifi. Ana ɗaukar su ne a ma'ajiyar kaya da ke ƙasan jirgi, kuma suna da nasu ƙa'idojin dabam da na akwati. Abubuwa uku ne suka jawo haka: kayan dogaye ne, suna da saurin karyewa a wuri guda, ga kuma tsada. Tsarin jigilar kaya a filayen jirgi kuwa, daga sikeli har bel ɗin da ke janye kaya, an gina shi ne domin akwati mai kusurwa huɗu.

Dokar wasan ta taƙaita ɗan wasa ga sanduna 14. Hukumar USGA ta Amurka ce ta fara aiki da wannan iyaka a 1938, hukumar R&A ta St Andrews ta bi sahu a 1939, bayan an kai lokacin da wasu 'yan wasa ke shiga fili da sanduna sama da 20. Ba don matafiya aka yi dokar ba, amma ta yi musu rana. Jaka mai cikakkun sanduna 14 da ƙwallaye takan kai kilo 10 zuwa 15, jakar tafiya da ake saka ta ciki ta ƙara wasu kilo, a tashi a ƙasa da kilo 23, wanda shi ne ma'aunin da yawancin manyan kamfanoni ke ba fasinja mai ƙaramin tikiti a kan kaya guda.

Ƙa'idojin kamfanoni

Wurin tsawo ne jakar golf ke saɓa ƙa'ida. Ma'aunin da aka saba shi ne idan an haɗa tsawo da faɗi da kauri na kaya kada su wuce santimita 158. Sandar bugun nesa ita kaɗai takan kai inci 45, wato kusan santimita 115, jakar tafiya kuma ta ɗara haka, don haka jimillar takan haura ma'aunin nesa ba kusa ba. Manyan kamfanoni da dama sukan yafe kuɗin wuce tsawo ga jakar golf, su lissafa ta a matsayin kaya guda cikin rabon fasinja, matuƙar nauyinta bai wuce kilo 23 ba. Kamfanoni masu rahusa na Turai, irin su Ryanair da easyJet, suna karɓar kuɗi na musamman a kanta, kuma biya tun lokacin sayen tikiti ya fi sauƙi a kan biya a filin jirgi. Kayan da ya haura kilo 32 kuwa kamfanoni da yawa ba sa karɓar sa kwata-kwata, saboda lafiyar ma'aikatan da ke ɗaga shi da hannu.

Wasu kamfanonin sun fayyace abin da jakar za ta ƙunsa: sanduna, ƙwallaye da takalmin wasa ƙafa ɗaya. Matafiya kan cusa tufafi a ciki, kuma sau da yawa ba a ce musu uffan, sai dai idan aka samu ɓarna kamfani yana iya kafa hujja da hakan.

Ba a shiga da sandar golf cikin ɗakin fasinja, domin jami'an tsaro na ɗaukar ta a matsayin abin da za a iya duka da shi. A watan Maris na 2013 hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta sanar cewa za ta ƙyale fasinja ya shiga da sanduna biyu da ƙananan wuƙaƙe. Ƙungiyoyin ma'aikatan cikin jirgi suka yi ca a kan shawarar, a watan Yuni hukumar ta janye ta. Batir kuwa hukuncinsa akasin haka ne. Batirin lithium da ba a jikin na'ura yake ba dole ya kasance a jakar hannu, wanda ƙarfinsa ke tsakanin Wh 100 da 160 sai da amincewar kamfani, wanda ya haura 160 kuma an haramta wa fasinja. Batiran kekunan lantarki masu jan jakar golf, waɗanda suka yawaita a Birtaniya, da yawansu sun haura wannan iyaka, shi ya sa ake barin su a gida.

Inda ɓarna ke faruwa

Kowace sanda tana da kai da ƙota. Gajerun sanduna masu kan ƙarfe galibi ƙotarsu ma ta ƙarfe ce, kuma suna jure wahala. Dogayen kuwa ƙotarsu ta zaren kabon ce, mara nauyi, mai lanƙwasa lokacin bugu, amma ba ta jure matsi daga gefe ko duka daga sama. Sandar bugun nesa ita ce ta fi kowace tsawo, don haka kanta ne ke leƙowa sama da sauran a cikin jaka. Idan jakar ta faɗo da ka daga motar kaya, ko aka ɗora mata akwatuna, nauyin duka a kan wannan sanda yake sauka, sai ta karye daidai wuyanta, inda ƙota ta shiga kai. Wannan ita ce ɓarnar da aka fi gani, kuma sandar da ta fi tsada a jaka take samu.

Dabarun ɗaurin kaya kusan duk a kan kare wannan wuya suke. Akwai sandar ƙarfe mai miƙewa, da faifai a samanta kamar lema, wadda ake tsayarwa cikin jaka ta ɗara dogayen sanduna da 'yan santimita, domin ita ta fara karɓar duka. Wadda kamfanin Club Glove ke yi, mai suna Stiff Arm, ita ce ta fi shahara, wasu kuma sandar tsintsiya suke yankawa ta yi musu aikin. Hanya ta biyu ta fi wannan inganci. Tun da aka sassauta dokar sanduna masu sauyuwa a 2008, yawancin dogayen sanduna ana iya kwance kansu da ɗan sifana. Mai tafiya sai ya cire kan, ya naɗe shi cikin tawul, ya ajiye a aljihun jaka. Ya kamata ya rubuta ko ya ɗauki hoton yadda saitin yake kafin ya kwance. Sauran sandunan a ɗaure su wuri ɗaya, a cike gurabe da tawul don kada su riƙa gogar juna.

Jakunkunan tafiya iri biyu ne. Akwai mai tauri ta roba, wadda ta fi kariya, amma tana cin kilo da yawa daga rabon fasinja, kuma da ƙyar take shiga but ɗin ƙaramar mota. Akwai mai laushi ta yadi mai kauri da tayoyi, wadda ake naɗewa a ajiye, kuma ita ce ƙwararrun 'yan wasa da yawa ke amfani da ita. Zaɓin ya shafi diyya: wasu kamfanoni, musamman a Amurka, sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba su da alhakin ɓarnar sandunan da ba a cikin jaka mai tauri suke ba, wasu ma sukan sa fasinja ya sa hannu a takarda a kan haka.

Diyya

Wannan ne ɓangaren da matafiya suka fi sakaci da shi, alhali nan ne asara take. Tafiya tsakanin ƙasashe galibi tana ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba na 2003. Ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da ya karɓa, amma ta sa iyaka ga abin da zai biya kowane fasinja, da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Iyakar ta fara da 1,000, ta koma 1,131 a 2009, ta kai 1,288 a ƙarshen 2019, sannan 1,519 daga 28 ga Disamba 2024, wato kimanin dala 2,000. Adadin na fasinja ne gaba ɗaya, komai yawan jakunkunansa. Sabon cikakken saiti na manyan kamfanoni yakan fi haka tsada, musamman idan an auna shi daidai da jikin mai shi. Yarjejeniyar ta ba fasinja damar bayyana darajar kayansa tun wurin awo, ya biya ƙarin kuɗi a ɗaga masa iyakar, amma kaɗan ne ke yi. Inshorar tafiya ma sau da yawa tana da nata ƙaramin rufi a kan kayan wasanni, don haka sai an karanta sharuɗɗanta.

Wa'adin ƙorafi gajere ne. Ɓarna sai an kai ƙara a rubuce cikin kwana 7 da karɓar kaya, jinkiri cikin kwana 21, kayan da ba su iso ba bayan kwana 21 kuma ana ɗaukar su a matsayin ɓatattu. Abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe jakar tun a zauren karɓar kaya, a cike takardar rahoto a teburin kamfani kafin a fita, a riƙe lambar kaya da rasit ɗin saye. Jakar golf ba kasafai take fitowa a bel ɗin da akwatuna ke fitowa ba, tana da tata ƙofar ta manyan kaya, kuma da yake da hannu ake kai ta, ta fi akwati saurin makara idan lokacin sauya jirgi ya yi ƙaranci.

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira ba. A watan Yuni na 2014 sandunan Rory McIlroy ba su sauka tare da shi a Dublin ba, ana gab da gasar Irish Open, sai daga baya aka kawo masa su. A 2018 sandunan Kim In-kyung ta Koriya ta Kudu, wadda ta ci gasar British Open ta mata a 2017, sun ɓace a tafiya cikin Amurka, bayan makonni aka gano su ana sayarwa a wani shagon kayan gwanjo a Kaliforniya. A bazarar 2022 kuma, lokacin gasar Open karo na 150 a St Andrews, ƙarancin ma'aikata ya sa kaya suka yi tsibi a filayen jirgin Birtaniya, har da jakunkunan golf masu yawa a Edinburgh. Shi ya sa matafiya da dama yanzu ke jefa ƙaramar na'urar bin sawu irin AirTag cikin jaka.

Ostireliya da New Zealand suna da wani sharaɗi na daban. Dole a bayyana kayan wasanni da aka riga aka yi amfani da su, domin ƙasa da ciyawa da ke maƙale a takalmi ko kan sanda suna iya ɗauko cututtukan shuka. A New Zealand rashin bayyanawa yana jawo tarar dalar ƙasar 400 nan take.

Masu gudun wannan ɗawainiya suna da hanya biyu: aika sandunan gaba ta kamfanin jigila irin Ship Sticks, ko hayar wasu a can. Haya ta bunƙasa a wuraren da Turawa ke tururuwa don wasan, kamar Algarve a Fotugal, Costa del Sol a Sifen da Belek a Turkiyya. Sai dai wanda ya saba da sandunan da aka auna masa ba ya jin daɗin na haya.

A Najeriya

Tafiya da sanduna ba sabon abu ba ne a Najeriya. A shekarun 1970 da 1980 ƙwararrun Turai kan taho da jakunkunansu lokacin hunturu don zagayen gasanni na Safari, wanda ya haɗa Najeriya da Kenya da Zambiya. Sandy Lyle ya ci gasar Nigerian Open a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989. A yau 'yan wasa na zirga-zirga tsakanin kulob ɗin Ikoyi a Legas, filin IBB a Abuja, Rayfield a Jos, da filayen Kano da Kaduna. Najeriya ta shigar da Yarjejeniyar Montreal cikin dokar sufurin jiragen samanta ta 2006, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja da ke karɓar ƙorafi. Rabon kaya a jiragen cikin gida sau da yawa bai kai kilo 23 ba, wasu hanyoyin kuma ƙananan jirage ne ke bin su, masu ƙuntatacciyar ma'ajiya, don haka ana so a sanar da kamfani tun lokacin sayen tikiti cewa akwai jakar golf a cikin kayan.