Tarihin Tsofaffin Waƙoƙi a Akwatin Rediyo

Tudun Wada ta Zariya unguwar baƙi ce tun asalinta. A zamanin Turawa aka yanka ta a bayan ganuwa, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin mutanen Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba ne su sami wurin zama. Da Bakatsine, da Basakkwace, da Bakano, da Babarbare, kowa ya zo neman abinci, wani aikin reluwe, wani aikin asibiti, wani ɗinki, wani ciniki. Kowanensu ya baro garinsu, ya kuma baro makaɗan garinsu. To, wannan shi ya sa labarin waƙa a rediyo ya shafi irin wannan unguwa ƙwarai.

A da, kafin zuwan rediyo, waƙa ba ta wuce inda muryar mai ita ta tsaya. Makaɗin fada na sarkinsa ne, ba ya yi wa kowa kiɗa sai da izininsa. Wanda ya ke son jin Ibrahim Narambaɗa, sai ya niƙi gari ya tafi Isa, fadar Sarkin Gobir. Wanda ya ke son jin taushin Salihu Jankiɗi, sai ya nufi Sakkwato. In makaɗi ya rasu, abin da yaransa suka riƙe shi ne ya saura, sauran kuwa ya bi shi kushewa.

Cikin 1932 Turawan Ingila suka fara watso magana zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashinsu. Cikin 1935 aka buɗe wani gida a Ikko wanda ke kamo maganar, ya rarraba ta ga mutane ta waya. Kano ta sami irinsa cikin 1944, daga baya aka kai Zariya da waɗansu garuruwa. Wannan akwati na farko ba irin na yanzu ba ne. Waya a ke jawowa daga gidan rediyo har bangon ɗaki, a biya kuɗin haya, tasha guda ɗaya tak, abin da aka sa shi za a ji. Akan kuma kafa lasifika a dandali domin wanda ba shi da halin haya. Mutane suka riƙa taruwa suna mamakin ƙarfe mai magana da Hausa.

Cikin 1951 Gwamnati ta kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, aka sāke mata tsari cikin 1957. A wannan shekara ce kuma BBC ta fara magana da Hausa daga London. Amma abin da ya fi girgiza Arewa shi ne gidan rediyo da talabijin wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a Kaduna cikin 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Muryarsa ta game Arewa, har ta tsallaka Nijar da Kamaru da Gana. Sai kuma ga ƙaramar rediyo mai aiki da batir ta shigo kasuwa, wadda ba ta bukatar waya. Tela ya aje tasa kusa da keken ɗinki, mai shayi ya aje tasa bisa tebur, Bafillace ya rataya tasa ya bi shanu.

Ma'aikatan rediyo suka shiga kiran makaɗa suna ɗaukar muryarsu a tef, wani lokaci kuma su bi su har gida. Wannan ya fi faifan garmaho amfani, domin tsohon faifai ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a fuska guda, alhali kuwa makaɗin Hausa sai ya yi rabin sa'a bai gama jero zuriyar gwaninsa ba. Ta haka Mamman Shata, mutumin Musawa, ya shiga kowane gida da kalangunsa. Ta haka aka san kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, da gurmin Haruna Uji, da kiɗan ƙwaryar Barmani Coge ta Funtuwa, da waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago ɗan dambe. Zazzau ma ba a bar ta a baya ba, ga Aliyu Namangi makaho mai waƙar Imfiraji, wadda aka buga a takarda, aka kuma ji ta da murya. Waƙar da a da sai fadawa ke jinta, ta zama ta ɗan dako da ta matar kulle. Baƙon Tudun Wada kuwa, in ya ji kiɗan garinsu da dare, sai ka ce an kawo masa saƙo daga gida.

Akwai wani shiri na Rediyon Kaduna da ya yi suna, watau Zaɓi Sonka. Mai saurare ya rubuto takarda, ya faɗi waƙar da ya ke so, ya jera sunayen 'yan'uwa da abokan da ya ke gaisarwa, a karanta kowa ya ji. Nan yaƙi da jahilci ya nuna amfaninsa a fili. Wanda ya iya rubutu ya aika da hannunsa, wanda bai iya ba sai ya roƙi wani. Masu aika gaisuwa har suka kafa ƙungiyoyi, mutumin Zariya ya ƙulla zumunci da na Damagaram ba su taɓa ganin juna ba.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Abin da aka fi roƙo shi aka fi sawa, abin da aka fi sawa kuma shi aka fi sani, har a sāke roƙonsa. Da haka waƙoƙi suka rabu gida biyu. Akwai shahararru, irin su Bakandamiyar Shata da ta Narambaɗa, waɗanda ko yaro ya ji tashin kiɗansu ya san su. Akwai kuma waɗanda aka ɗauka sau ɗaya, aka sa sau ɗaya ko biyu, aka mai da tef cikin kwali. A ciki akwai waƙoƙin noma, da na maharba, da na mahauta, da na wani hakimi wanda ba mai tuna shi sai jikokinsa. Shata kaɗai ya yi waƙoƙi masu yawan gaske kafin rasuwarsa cikin 1999, amma waɗanda ke yawo a kunnen jama'a kaɗan ne daga ciki.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan hali ba. A Amurka, wajen 1980 zuwa gaba, aka sami tashoshin da ba su da aiki sai sa tsofaffin waƙoƙin jita na samarin 1960 da 1970, irin na Beatles mutanen Ingila. Can ma 'yan waƙoƙi ƙididdigaggu a ke ta juyawa, har masu saurare suka riƙa neman a keɓe lokaci domin waɗanda aka manta. Ashe zuciyar ɗan Adam ɗaya ce: tana son abin da ta saba da shi, tana kuma marmarin abin da ya ɓace mata.

To, ga inda hatsarin ya ke. Tef ba dutse ba ne. Zafi yana lalata shi, laima tana sa shi fumfuna, ƙura tana cinye muryar da ke ciki. A gidajen rediyo da yawa na duniya, har da na London, an sha goge tsohon tef a ɗauki sabon abu a kai saboda tsada. Masu waƙoƙin kuma sun tafi. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Barmani cikin 2013, Ɗanmaraya cikin 2015, Allah ya ji ƙansu. In tef guda ya mutu yau, ba wanda za a kira ya sāke rerawa. Abin da ke ɓacewa kuwa ba daɗin kiɗa kaɗai ba ne. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakuna da jerin iyayensu, da labarin yunwa da na yaƙi, da kalmomin Hausa waɗanda bakin mutane ya riga ya saki.

Cikin 1978 gidan rediyon Kaduna ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Cikin 1992 aka yi dokar da ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe tashoshinsu. Kaset ya zo ya wuce, yanzu waƙa tana cikin wayar hannu, waɗansu masu kishi kuma suna kwafe tsofaffin tef cikin kwamfuta. Duk da haka, abin da aka fi kwafewa shi ne dai wanda aka riga aka sani.

Saboda haka wanda Allah ya ba ilmin rubutu yana da abin yi. In zai roƙi waƙa, kada kullum ya tsaya ga wadda kowa ya sani, ya tambayi wadda ya ji tun yana yaro bai ƙara ji ba, domin roƙo shi ke sa a buɗe kwali. In an sa ta, ya rubuta sunan makaɗin, da wanda aka yi wa, da garinsu, ya tambayi dattawan unguwa dalilin yinta tun suna raye. In akwai tsohon kaset a ƙasan adaka, a fito da shi a kwafe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma sai in an adana ta.